Yadda ake yawon jirgin ruwa a fiyod na Norway: daga Bergen zuwa Flåm a dawo a yini guda

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san yadda Dutsen Zuma yake tare wa mutum gaba idan an iso Madalla. Tsayinsa daga ƙasan da yake zaune a kai wajen mita 300 ne. To ka ɗora irinsa huɗu, wani kan wani, ka jera su dama da hagu kamar katanga, sannan ka zuba ruwan teku a tsakani. Wannan shi ne abin da mutanen Norway suke kira fiyod, suna rubuta shi fjord. Ba kogi ba ne, ba kuma tafki ba ne. Teku ce ta kutsa cikin ƙasa ta wani kwari mai zurfi wanda ƙanƙara ta sassaƙe. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe yankin, nauyinta da duwatsun da take ja a ƙarƙashinta su suka yi ta gurzar ƙasa har ramin ya zarce ƙasan teku. Da ta narke, shekaru wajen 10,000 da suka wuce, sai ruwan gishiri ya biyo ya cike gurbin.

Mafi girma a Norway shi ne Sognefjord, tsawonsa ya haura kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya wuce mita 1,300. Yana da rassa, kuma ɗaya daga cikin rassan, Nærøyfjord, shi ne wanda zan bi da kai a wannan jagora. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005 tare da wani fiyod mai suna Geirangerfjord. Na zaɓe shi ne don ana iya zuwa daga birnin Bergen a dawo a rana ɗaya, ba sai an yi hayar mota ba, ba kuma sai an shiga katafaren jirgin ruwan yawon shaƙatawa na mako guda da kuɗinsa ke karya baya ba.

Tun daga nan zan faɗa maka abin da na fi so ka riƙe: shiga jirgin shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar. Abu biyu ne ke ɓata wa mutane ranar, rashin daidaita lokutan ababen hawa, da sanyin da ke kora mutum cikin ɗaki ya bar abin da ya biya kuɗi ya zo gani.

Lokacin zuwa

Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni ya fi, a ganina. Ƙanƙarar kan duwatsu tana narkewa, saboda haka ruwan da ke gangarowa daga sama yana cike, ƙasa ta yi kore shar, kololuwar duwatsu kuma har yanzu fari fat. Yuli da Agusta sun fi ɗumi, amma lokacin hutun Turawa ne, ga kuma manyan jirage da ke sauke dubban mutane a ƙauyen Flåm da bai fi ƙaramar unguwa ba. Satumba ma babu laifi, jama'a sun ragu, sai dai ruwan sama ya ƙaru. Da hunturu jirgin ba ya daina aiki, amma sawunsa yana raguwa, kuma a Disamba hasken rana a Bergen wajen awa shida ne kawai. Wanda bai taɓa ganin sanyin da ya wuce hunturun Kano ko na Jos ba, kada ya fara da Disamba.

Biza da hanya

Norway ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen, don haka mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru ko Chadi bizar Schengen zai nema. Ƙa'ida ita ce ka nema daga ƙasar da za ka fi kwana a cikinta. Idan Jamus za ka yi mako biyu sannan ka leƙa Norway kwana uku, bizar Jamus ce taka, kuma ita za ta shigar da kai. Idan Norway ce kan gaba, ana cike takardar ta intanet a shafin hukumar shige da ficensu, UDI, sannan a kai fasfo da takardu a ɗauki hoton yatsu. Kuɗin biza na babba Yuro 90 ne, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, kuma dole ka nuna inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Ka nema da wuri, don kowa bazara yake so.

Babu jirgin sama kai tsaye daga Najeriya. Za ka sauya a Istanbul, Amsterdam, Frankfurt ko makamantansu. Daga Amsterdam akwai jirgin da ke sauka Bergen kai tsaye. Idan kuwa Oslo ka sauka, jirgin ƙasa zuwa Bergen wajen awa bakwai ne, yana ratsa tsaunuka har ya hau tashar Finse mai tsayin mita 1,222, kuma shi kansa abin kallo ne.

Wata magana da 'yan'uwanmu suke mantawa: an hana shiga Norway da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu. Kilishin da Hajiya ta ƙulle maka da dambun naman nan, ka cinye su kafin ka sauka, ko ka bar su gida.

Haɗa tikiti

Ranar tana da gaɓa biyar, kowacce tana jingine da ta gabanta. Jirgin ƙasa daga Bergen zuwa Voss, awa ɗaya da 'yan mintuna. Bas daga Voss zuwa Gudvangen, wajen awa ɗaya. Jirgin ruwa daga Gudvangen zuwa Flåm, awa biyu. Jirgin ƙasa na musamman daga Flåm ya hau dutse zuwa Myrdal, wajen awa ɗaya. Sai jirgin ƙasa daga Myrdal ya mayar da kai Bergen, wajen awa biyu. Idan ka haɗa da jira, ka ware awa goma zuwa goma sha ɗaya.

Hanya biyu ce ta saye. Kamfanin Fjord Tours yana sayar da duka biyar a dunƙule da sunan Norway in a Nutshell. Ba ɗan rakiya za su ba ka ba, tikitoci ne kawai da aka riga aka daidaita lokutansu, kai ne za ka kai kanka daga wannan abin hawa zuwa wancan. Hanya ta biyu ka sayi kowanne da kanka: jiragen ƙasa a wajen kamfanin Vy, jirgin ruwa da bas a shafin masu kula da yawon Flåm. Wannan takan ɗan fi sauƙin kuɗi, amma lissafin yana wuyanka. Idan karo na farko ne, ko kana tafe da iyali, sayi a dunƙule ka huta.

In kuwa da kanka za ka haɗa, fara da jirgin ruwa da jirgin Flåm, don su ne suke cika da wuri a bazara, sannan ka gina sauran a kansu. Ka bar aƙalla awa ɗaya da rabi a Flåm. Can za ka ci abinci, can za ka yi sallah. Kada kuma ka zaɓi jirgin ƙasa na ƙarshe daga Myrdal, don Myrdal tasha ce a kan dutse da hanyar mota ba ta kai mata yadda za ka ce bari in tari tasi. Kuma ka sani, a can idan an rubuta 8:29, to 8:29 ɗin ce. Babu yaron mota da zai buga ƙofa ya ce a jira Alhaji.

Kuɗinsu krone ne, ba Yuro ba, amma da wuya ka taɓa takardar kuɗi, komai da kati ake biya, har shiga banɗaki a wasu tashoshi. Ka tabbatar katinka yana aiki a waje kafin ka bar gida, ka kuma riƙe na biyu. Norway ƙasa ce mai tsada ƙwarai. Idan ka riƙa juya kuɗin kofin shayi zuwa naira, ba za ka sha ba.

Sutura

A nan zan daɗe, don a nan na sha kashi. Ranar da na fara shiga, rana ta fito tas a Bergen, na sa suwaita guda da hula na ce ai ya isa. Jirgi na tashi iska ta fara shiga ta wuyan riga. Ban yi minti ashirin a waje ba yatsuna suka ƙi danna waya, na gudu ciki na zauna bayan gilashi da kofin shayi, na kalli wuri mafi kyau a duk hanyar ta tsakanin kawunan mutane.

Dalilin a fili yake. Ko da ma'aunin zafi ya nuna 17 a gari, kan ruwa daban ne: duwatsun suna tare rana, ruwan yana da sanyi, jirgi kuma yana tafiya yana haɗa ka da iska. Maganin ba katuwar riga guda ba ce, hawa-hawa ake sawa. Ta ciki mai kama jiki, zai fi kyau ta ulu. Ta tsakiya suwaita mai kauri. Ta waje kuma, wadda ita ce uwa uba, riga mai hana iska da ruwa shiga, mai hular kanta. Da haka idan rana ta buɗe a Flåm sai ka cire ɗaya ka sa a jaka. Ƙara da safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, safar ƙafa mai kauri da takalmi rufaffe mai kama ƙasa, don dandamalin jirgi yakan jiƙe. Lema ba ta da amfani a kan jirgi, iska za ta juya ta.

Mai son kaftaninsa ya sa, amma da dogon wando mai ɗumi a ciki da rigar iska a sama. Babbar riga kam a bar ta a masauki. Hula ƙube ko zanna ka cusa ta a jaka kafin a tashi, in ba haka ba ka yi wa fiyod kyauta. Ga mata, hijabi mai ɗinki wanda ke zama daram ya fi gyale, a sa ƙaramar hular ulu a ƙarƙashinsa, a kuma kula da doguwar abaya a kan matakala mai laima. Yara su ma hawa uku, da safar hannu ta biyu don ta farko za ta jiƙe.

Bergen gari ne da ruwan sama ke sauka fiye da kwana 200 a shekara. Ka duba manhajar Yr, ta hukumar yanayin ƙasar, da daddare da kuma da safe, ka duba Gudvangen da Flåm, ba Bergen kaɗai ba. In ta nuna ruwa kada ka fasa. Hazo yana rataye a tsakiyar duwatsu, ruwa yana zubowa ta ko'ina, wasu ma sun fi son ganinsa haka.

Guzuri

Akwai ɗan kanti a cikin jirgin, amma ka shiga kantin abinci na Kiwi ko Rema 1000 tun ana gobe tafiya ka sayi burodi, cuku, ayaba, dabino in ka samu. Yawancin manyan kantunan abinci a rufe suke ranar Lahadi, don haka mai tafiyar Lahadi ko safiyar Litinin ya yi sayayya tun Asabar. Ruwan famfo ana sha, kuma ya fi na roba daɗi, gora kawai za ka riƙe. Fulas na shayi mai citta kuwa, za ka gode wa kanka.

Kalmomin da za ka haddace: svin da svinekjøtt alade ne, skinke cinyarsa ce da aka yanyanka, bacon ka san shi. Pølse, tsiran-alade ɗin nan da ake sayarwa a kowane lungu, galibi da alade a ciki. Abin da za ka nema: fisk kifi, laks kifin salmon, reker jatan lande, ost cuku, egg ƙwai. Kusan kowa yana jin Turanci, tambaya ba ta da wuya. Ka ɗanɗani wainar fulawarsu da brunost, wani cuku mai ruwan ƙasa mai zaƙi-zaƙi, kamar an haɗa madara da alewa.

Ranar tafiya

Ka isa tashar Bergen da saura minti ashirin. A Voss bas ɗin yana tsaye kusa da tashar jirgin, ka bi ayari, ka duba an rubuta Gudvangen a goshinsa. Da kun gangara Gudvangen, ɗaga kai: ruwan Kjelfossen ne yake zubowa daga can saman dutse, ɗaya daga cikin mafi tsayi a ƙasar. Ka shiga banɗaki a nan, ka sa rigar iska da safar hannu tun kana ƙasa, ka shiga layi da wuri.

Jiragen da suka fi aiki a wannan hanya farare ne masu siffa ta daban, gefensu kamar hanyar da ke hawa dutse tana lanƙwasa. Ɗaya daga cikinsu, Future of the Fjords, ya fara aiki a 2018, da batir kaɗai yake tafiya, yana ɗaukar mutum 400. An yi lanƙwasar ne don kowa ya samu bakin ƙarfe ya tsaya, har mai keken guragu ya iya hawa sama. Rashin ƙarar inji ba ƙaramin abu ba ne: kana jin zubar ruwa daga dutse da kukan tsuntsaye tun daga nesa.

Ga kuskuren da kusan kowa yake yi. Ana shiga sai a ruga neman kujera a ciki, a bi layin kofi. Alhali in daga Gudvangen ka taso, wuri mafi ƙunci kuma mafi ban mamaki yana cikin rabin awar farko, wajen ƙauyen Bakka mai farar coci, inda faɗin ruwan ya tsuke zuwa mita 250 kacal, duwatsu kuma suka haura mita 1,000 a kowane gefe. Saboda haka ajiye jakarka ka fita waje nan take. Kofi ba zai gudu ba, ka saye shi a awa ta biyu. Wanda ya taso daga Flåm kuma lissafinsa a juye yake, ya adana ɗuminsa don ƙarshen tafiya.

Ba sai ka yi kokawar gaban jirgi ba. Can iska ta fi dukan fuska, can kuma masu ɗaukar hoto suke cunkushewa. Bayan jirgi ya fi lafawa, kuma kallon kwarin yana rufewa a bayanka bai gaza na gaba ba. Ka riƙa sauya gefe. In sanyi ya kama ka, shiga minti biyar ka fito, kada ka zauna. Sanyi yana shanye batirin waya, ka riƙe abin caji a aljihun ciki, ka kuma sa wa wayar igiya a wuyan hannu.

Masu tsoron amai su kwantar da hankali. Duwatsu sun kare ruwan daga igiyar teku, yawanci a kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma. Wanda ya taɓa tsallaka Kwara a kwale-kwale zai ga wannan wasa ne. Akwai rigunan ceto da bayanin inda suke, ka saurara idan ana sanarwa, ka kuma riƙe hannun yaro duk lokacin da kuke waje.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba duwatsun ba ne, gidajen ne. Za ka wuce Styvi da Dyrdal, 'yan gidaje a bakin ruwa da jirgi ne hanyarsu. Bayan kun kai Beitelen, ƙahon dutsen da ya raba Nærøyfjord da Aurlandsfjord, jirgi zai karya dama, sai ka ɗaga kai sosai ka nemi gonar Stigen, maƙale a kan wani ɗan tudu ɗaruruwan mitoci sama da ruwa. Sunan yana nufin tsani, kuma ana ba da labarin cewa idan mai karɓar haraji ya taho sai mutanen gidan su janye tsanin. Ko gaskiya ne ko ƙari, duk wanda kakansa ya ba shi labarin gudun jangali zai gane su. Gaba kaɗan sai Undredal, ƙauyen da awakinsa suka fi mutanensa yawa, sananne da cukun akuya da wata 'yar cocin katako tun ƙarni na 12 mai kujerun mutum 40. Idan da rabo za ka ga kan wata dabbar ruwa ya ɓullo ya nutse, ko gaggafa tana shawagi.

Sallah

A bazara agogon Norway yana gaban na Najeriya da awa ɗaya, kuma rana tana daɗewa. A Bergen cikin Yuni azahar tana shiga wajen biyu saura, la'asar wajen shida, rana ba ta faɗuwa sai bayan sha ɗaya na dare, ta sake fitowa da huɗu da 'yan mintuna. Jan shafaƙi ma ba ya ɓacewa gaba ɗaya a tsakiyar bazara, shi ya sa manhajojin waya suke saɓa wa juna a kan isha da asuba. Ka bi jadawalin masallacin Bergen, kuma ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ka taso. Alƙibla tana kudu maso gabas. Flåm ya fi dacewa da azahar: akwai ciyawa a bakin ruwa, ka matsa gefe ka shimfiɗa darduma, da wuya wani ya kula ka. Banɗakunansu babu buta, ƙaramar gora a jaka ta raba gardama, ka kuma goge ruwan da ya zuba a ƙasa bayan alwala.

Hawa dutse da komawa

Idan ka bar wa kanka awa uku a Flåm, akwai bas da ke kai mutane Stegastein, wani dandamali da ya miƙe mita 30 daga jikin dutse, mita 650 sama da ruwan da ka ratso ɗazu. Idan lokacin bai kai ba, ka haƙura da shi, kada ka yi wasa da jirgin ƙasa.

Jirgin Flåm kilomita 20 kawai yake yi, amma a cikinsu yana hawa daga bakin teku zuwa mita 866 a Myrdal, ta cikin ramuka 20 waɗanda 18 daga ciki da hannu aka haƙa su. An buɗe layin a 1940 bayan aikin kusan shekara ashirin. Ka shiga da wuri ka samu taga. Zai tsaya minti biyar a Kjosfossen, kowa ya sauka ya ga ruwan yana rugugi. A bazara za ka ji kiɗa ya tashi, wata mace da jan kaya ta ɓullo a kan dutse tana rawa. Kada gabanka ya faɗi, ba aljana ba ce, 'yar wasa ce take kwaikwayon huldra, matar daji ta tatsuniyoyinsu. Feshin ruwan yana jiƙa mutum, ka mayar da rigar ruwanka kafin ka sauka.

A Myrdal jirgin Bergen yana zuwa ne a ɗaya gefen dandamalin. Jirage biyu ne suke bi ta nan, na Oslo da na Bergen, don haka karanta allon kafin ka sa ƙafa. Wurin ya fi Flåm sanyi nesa ba kusa ba, sauran shayin fulas ɗinka a nan zai yi rana. Za ka shiga Bergen wajen bakwai ko takwas na yamma, in a Yuni ne rana tana nan a sama kamar hantsi, da sauran awa uku zuwa huɗu kafin magariba, isasshen lokacin da za ka taka zuwa kasuwar kifi ta bakin ruwa ka nemi miyar kifi mai zafi.